Kwamfutar da Ba Ta Shiga Durowa

Saura kwana goma sha tara a ɗaura mini aure, amma wallahi ba lalle ba ne ya hana ni sukuni, ba kuma telan da ya riƙe mini ɗinki ba. Kwamfuta ce. Na san wasunku har sun taɓe baki, suna cewa wannan Safara'un akwai iyayi, ana zancen miji tana zancen na'ura. Ku dai ba ni aron hankalinku, in kun kai ƙarshe sai ku yanke mini hukunci, don ni kaina tun ranar Talata rabona da in zauna wuri ɗaya na minti goma.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, zanen gine-gine na karanta a jami'ar da ke Gidan Kwano, nan Minna, kuma da shi nake rufa wa kaina asiri. Mutum ya sayi fili ya zo ya ce ɗaki uku da falo yake so, in zana masa tun daga fandisho har kwano, in fitar masa da hoton gidan kamar an gama gini, har da inuwar mangwaro a jikin katanga. Laftof ɗin da nake wannan aiki da ita tun ina aji biyu muke tare. Ta yi mini bauta, ba zan ci amanarta ba, amma ta tsufa. Da na buɗe zane mai nauyi sai fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe, ta ɗau zafi, in ɗora ta a kan farantin silba ina yi mata fifita. Nna, wato mahaifiyata, in ta leƙo ta gan mu sai ta ce, "Sannu mai jinya."

Ranar Litinin ta yi mini mai gaba ɗaya. Wani ɗan kwangila ne ya ba ni zanen gidaje takwas da zai gina a hanyar Bida, aikin da ban taɓa samun irinsa ba, kuma mako biyu kacal ya ba ni. Ina tsakiyar gida na uku sikirin ya yi baƙi. Na kunna, ta taso, ta sake mutuwa. A nan na yanke shawarar da na daɗe ina jan ƙafa a kanta: kwamfutar tebur zan saya, irin mai akwati da babban sikirin, wadda ake girkewa wuri ɗaya. Ta fi ƙarfi, ta fi shan iska, in wani abu ya gaza a cikinta a cire a sa wani. Kuma ina da inda zan girke ta. Haka dai na ɗauka.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa na ɗauka haka. Ndaliman, wanda zan aura, ta hanyar zane muka haɗu. Ma'aikacin gwamnati ne a sakatariya, ya sayi fili a Maitumbi, aka kwatanta masa gidanmu a Kpakungu. Ya zo karɓar zane sau ɗaya, ya dawo gyara sau tara, irin gyaran da kowa a gidanmu ya gane ba na gini ba ne. Kafin gininsa ya kai linta maganar aurenmu ta je gaban manya. To, da na ga gidan nan ni zan shige shi, sai na sake zama a kan takardar, na yanko wani ɗan ɗaki a gefen falo, ƙafa takwas da goma. Na ba shi taga mai faɗi tana kallon arewa don kada rana ta riƙa dukan sikirin, na jera soket shida daidai tsayin tebur. Ranar da na nuna masa, na ɗora yatsana a kai na ce, "Liman, nan zan riƙa aiki."

Ya gyara hula ya ce, "An gama, Akitek ɗina."

Wannan "an gama" ɗin na riƙe wata biyar, don tun da aka sa rana Nna ta kafa mini doka: ƙafata ba za ta sake taka Maitumbi ba sai ranar da aka kai ni. A gidanmu abin kunya ne a ga yarinya tana zarya gidan da za a kai ta, ko da kuwa ita ta zana shi. Na yi magiya, na ce aiki ne, birkila yana buƙatar a riƙa duba shi. Nna ta ce birkilan ya duba kansa. Sai dai in tambayi Liman a waya, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce, komai na tafiya daidai.

Ranar Talata Gwaggo Kafayatu, ƙanwar Babanmu, ta ja mata biyu za su je auno ɗakuna saboda kayan jere. Na miƙa mata tef ɗina na awo, ta kalle shi, ta kalle ni.

"Amare goma sha ɗaya na yi wa jere da igiyar nan, ba gadon da ya taɓa ƙin shiga," ta ce, tana cusa igiyar shanya a jaka. Ita ƙulli take yi a jikin igiya, kuma ba ta mantawa da na gado da na kujera.

"To Gwaggo, don Allah ki auno mini ƙaramin ɗakin gefen falo. Tebur zan sa kafinta ya yi mini."

Sai bayan azahar suka dawo, gumi sharkaf. Gwaggo ta cire ɗankwali ta baje a tabarma, ta shanye kofin kunun zaƙi biyu, sannan ta fara zuba. Tayil kaza, silin kaza, kicin har da wurin wanke-wanke na zamani. Ina tsaye a bakin ƙofa ina murza bakin hijabina har ta numfasa.

"Gwaggo, ƙaramin ɗakin fa?"

"Wanne? Au, sito? Ai shi ba ya son awo, an riga an yi masa kantoci na siminti har sama. Yaron nan akwai tunani."

"Ba sito ba, Gwaggo. Mai babbar taga."

"Ke, ni ban ga taga ba. 'Yar kafar iska ce can sama, ko kan mage ba zai shiga ba. Har Hajiyarsu ta fara zuba buhunan shinkafarta a ciki. Kin ji daɗi, yarinya, ke da sayen shinkafa har abada."

Matan suka sa dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Hajiyarsu Liman shinkafar Bida take sayarwa a Kasuwar Kure, mace ce da in ta yi magana ba a maimaitawa. Na juya na shige ɗaki, ban san Nna na biye da ni ba.

"Na ga fuskarki," ta ce, ta tura ƙofa. "Ki haɗiye."

"Nna, ɗakin aikina ne fa aka toshe."

"Na ji. An raba katin biki, 'yan Bida sun ɗinka anko, Babanku ya gaya wa duk wanda ya sani. A kan ɗaki ƙafa takwas ba za ki kunyata mu ba. In kin shiga kya lallaɓa ki samu wani lungun."

"Ba ɗakin ba ne kawai. Bai gaya mini ba."

"Namiji ne, ya ga uwarsa. Ki yi shiru, na ce."

Na yi shiru a baki, amma cikina bai yi ba. Na ɗauki waya na rubuta masa, "Ashe haka za ka yi mini?" Na goge. Na rubuta, "Su Gwaggo sun dawo," na goge. A ƙarshe na tura masa, "Barka da yamma. Yaya ɗakina mai taga?" Ina kallo ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya iso shi ne, "Gida na nan lafiya, amarya. Asabar ƙarfe goma zan zo mu je sayen kwamfutar, kamar yadda muka yi."

Ku duba fa. Na buɗe masa ƙofa ya faɗi gaskiya, ya bi ta gefe ya wuce. Kwana huɗun nan ban san me na ci ba. In share tsakar gida, in sake sharewa. In buɗe akwatin lefe in ninke atamfar da take a ninke. Ina son Liman, ba zan ɓoye muku ba, son da in na ji ƙarar motarsa a layinmu sai na nemi madubi. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina: in tun ban shiga ba an toshe wa aikina taga, in na shiga me za a toshe?

Asabar ya iso cikin shadda ruwan toka sabuwar guga, hula zanna, turarensa ya riga shi shigowa. Ni ma na ƙi yarda in fita a hargitse. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na sa kwalli kawai. A mota yana ta hira, zancen masu kanofi da masu abinci, ni ina kallon kekuna suna wuce mu. Filashin da zanena yake ciki na damƙe a hannu har ya yi gumi.

Shagon Madam Susan yana saman bene kusa da shataletalen Mobil. Duk wanda ya yi karatu a Gidan Kwano ya san ta, ita take haɗa kwamfuta da hannunta, da tabarau a kan hanci da sukundireba a soke cikin gashi. Ta ja mini kujera.

"Zauna, 'yar'uwa. Kafin ki taɓa komai, me za ki yi da ita?"

Ban buɗe baki ba Liman ya nuna wata laftof siririya ruwan azurfa a cikin gilashi. "Madam, ga wannan. Ba ta cin wuri. In ta gama abin da take yi ta ninke ta sa a durowa, shi ke nan."

Durowa. Kalmar ta zauna mini a ƙirji.

Madam Susan ta kalle shi ta saman tabarau. "Oga, abeg, ba kai na tambaya ba."

Sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata irin zanen da nake yi, da hotunan gidaje masu nauyi da nake fitarwa, da awa takwas zuwa goma da nake yi a zaune, da gidaje takwas ɗin da ke jirana. Tana ji tana gyaɗa kai. Rabon da wani ya saurari zancen aikina har ƙarshe bai katse ni ba, na manta.

"To ke ba ta kallon fim kike nema ba," ta ce. "Mai buga takardun makaranta, ƙaramar can ta ishe shi har ya tsufa. Ke taki daban." Ta jawo wani baƙin akwati ta kwance gefensa, ta nuna mini cikinsa. "Ram talatin da biyu, kar ki yarda da ƙasa da haka, shi ne faɗin teburin da take baza aiki a kai. Wannan kuma katin hoto ne, shi zai ɗauki wahalar fitar da gidajen nan naki. Rashinsa ne yake sa tsohuwarki kuka. Ga gurbi biyu na bar miki, in aiki ya ƙaru ki zo a ƙara, ba sai kin sayi sabuwa ba."

Liman, don kada a ce bai ce komai ba, ya nuna wata mai fitilu ja da shuɗi suna walƙiya. "Wannan fa? Ta fi kyau."

"Fitila ce kawai, Oga, 'yan wasan gem ke son ta. Fitila ba ta zana gida."

Ta haɗa mini da sikirin inci ashirin da bakwai, ta ce in sa filashina. Gida na uku, wanda ya kashe tsohuwata, ya buɗe kafin in gyara zama. Na juya shi hagu, na juya shi dama, ko gezau. Layukan da nake matse ido in gani suka fito tar. Na ji ƙwalla ta taho, na mayar da ita. Madam ta ɗora wani ƙaramin akwati mai nauyi a gefe, ta ce batir ne da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, ko minti goma ne, in samu in adana aikina.

"Saura abu ɗaya," ta ce, "kuma shi mutane ke mantawa. Ina za ta zauna? Wannan ba a cusa ta a lungu. Tana son tebur mai ƙarfi, da tazara tsakaninta da bango, iska ta shiga ta fita. Da zafin Minna, in kika kulle ta inda ba iska, wata shida kin dawo mini da ita a keke. Ɗakin yana da taga?"

Na juya a hankali.

"Liman, Madam na tambaya. Ɗakin yana da taga?"

Wallahi sai da na tausaya masa. Makullin motar da yake kaɗawa ya tsaya cak. Ya kalli Madam, ya kalli silin, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Safa, zo mu yi magana a waje."

A barandar benen muka tsaya, ƙasa ana ta hon.

"Gwaggo ce ta gaya miki," ya ce.

"Kai ya kamata ka gaya mini."

"Hajiya ce ta zo ganin gini. Ta ga ɗakin, ta ce rumfarta ta kasuwa na yoyo, damina na ɓata mata kaya. Safa, da shinkafar nan ta yi mini makaranta. Ta yaya zan kalli idonta in ce a'a? Sai na ce wa Zamani birkila ya toshe tagar saboda ɓarayi. Na yi tunanin in na saya miki laftof mai kyau, ko'ina kika zauna za ki yi aikinki. Na so in gaya miki bayan biki."

"Bayan biki. Lokacin da ba ni da ta cewa."

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ka san akwai fili ƙafa goma sha biyu a bayan kicin? Ni na bar shi. Da ka ɗaga waya ka ce Hajiya na son sito, da a yini ɗaya na zana mata wanda ya fi wannan, mai ƙofa ta waje, mota ta sauke kaya ba a bi ta falo ba. Mai zanen gidan kake shirin aura, Liman, amma da matsala ta taso birkila ka tambaya. Ni kuma ka nemo mini durowa."

Ya sunkuyar da kai.

Na koma ciki na ce wa Madam Susan ta ɗaure mini ita duka, akwati da sikirin da batir. Liman ya kai hannu aljihu, na girgiza masa kai, da gumina na saya. Shi ya yi ta hawa da sauka da kwalaye har shaddarsa ta yamutse. But ɗin motar ya cika, sikirin ya kwanta a kujerar baya.

Da muka iso shataletale ya rage gudu. Hanya ɗaya ta yi Maitumbi, ɗaya ta yi gidanmu.

"Ina za mu kai ta?" ya tambaya.

"Inda take da wuri. Kuma inda ta zauna, nan zan zauna."

Sau biyu ya zagaya shataletalen nan, har wani mai keke ya leƙo yana tambayarsa ko ya ɓata ne. A na uku ya ɗauki hanyar Kpakungu. Zuciyata ta nutse, don ban san ko amsarsa ke nan ba. Ya sauke kwalayen a falonmu, ya durƙusa ya gaida Nna, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa, ya tafi.

Nna ta kalli kwalaye, ta kalle ni. "Me kika ce masa?"

"Gaskiya, Nna."

"Innalillahi. Safara'u, in auren nan ya lalace a kan wannan baƙin akwatin, ki nemi bakin da za ki yi wa Babanku bayani."

Na haɗa kwamfutar a kan teburin cin abincinmu. Ta tashi shiru, ko kukan fanka babu. Hoton da tsohuwata ke kwashe yini tana fama da shi, wannan ta fitar kafin in idar da sallar azahar. Abin da na shekara uku ina mafarki ga shi a gabana, amma na kasa murna. In duba waya, in ajiye. In leƙa ƙofar gida, in dawo. Gwaggo Kafayatu ta zo, Nna ta raɗa mata, ta fara tafa hannu tana cewa boko ya gama da yaran yanzu.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Hoto ne. Na buɗe, na ga bangon ɗakin nan nawa da ƙaton rami a tsakiya, bulo a zube a ƙasa, haske ya shigo ya kwanta a kan siminti. Zamani birkila na gefe da guduma. A bakin hoton ga hannun shadda ruwan toka, ya yi fari fat da ƙura. Saƙo ya biyo baya:

"Faɗi nawa tagar take a zanenki? Ba na so in sake yin komai a gidan nan ban tambaye ki ba."

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake tsaye, na yi kukan da na riƙe tun Talata. Da ƙyar na ga haruffa na rubuta masa, "Ƙafa shida da huɗu. Kuma ka cire shaddar nan kafin ka ƙarasa ta."

Ban gama share ido ba na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, irin a-kori-kurar nan ta 'yan kasuwa. Gwaggo ta leƙa ta taga, ta dawo da baya tana gyara ɗankwali, ta ce, "Mun shiga uku." Na leƙa ni ma. Buhunan shinkafa ne a bayan motar, an jera su har sama. Ƙofar gaba ta buɗe, Hajiyarsu Liman ta sauko da ƙafarta, cikin leshi ruwan goro, fuskar nan ba alamar wasa. Ta yi sallama sau ɗaya, ba ta jira an shimfiɗa mata darduma ba.

"Ina mai zanen?" ta ce. "Ɗana ya fito mini da kaya waje, ga hadari ya haɗo. Ya ce ita ta san inda za su zauna. To ta fito ta gaya mini."

Nna ta kalle ni, Gwaggo ta kalle ni. Na yafa mayafina, na ɗauki tef ɗin awo da fensir da farar takarda, na fita na durƙusa a gabanta, don in zana mata sito a filin nan na bayan kicin.